Kunyar Sahura Mai Ƙuli

A Unguwal Ɗan'azumi, nan cikin karkarar Kiyeshe, kowace mace ta iya matsar gyaɗa, ko dai haka kowace take faɗa. Amma in baƙo ya sauka ya ce a sayo masa ƙuli, ba a gardama, gidan Sahura ake nufa. Nata ba ya karya haƙori, ba ya kuma rugujewa a hannu kamar alkawarin ɗan siyasa. Darni ɗaya ya raba ni da ita tun ranar da aka kawo ta garin nan amarya, saboda haka abin da zan faɗa a kanta ba a bakin rijiya na tsinto shi ba.

Daga wajen Dumega aka kawo ta, ƴar siririya, tana tafiya kamar mai tsoron ta ɓata wa ƙasa rai. Alhassan, ɗan ƙawata Hannatu, shi ya gan ta a kasuwa ya dawo gida ya kasa cin tuwo. Ita ma ta so shi, sai dai ba daga bakinta za ka ji ba. Gidansu gidan kunya ne, irin ta mutanen da, wadda ake gadonta kamar tukunyar ƙarfe. An ce uwarta har ta koma ga Allah surukanta ba su taɓa ganin ta kai loma baki ba. Ni da na yi aure uku, na yi tuwon sayarwa a Yamai, na yi a Kamba, ban ga abin da irin wannan ta tsinana wa kowa ba, amma ba a tambaye ni ba.

Da ta haifi ɗiyar fari, muka kwashi jiki ni da Hannatu muka tafi suna Dumega. Muka tarar da mai jego ta juya fuska ga bango, jaririya na tsala kuka a bayanta, ta ƙi ko waiwaye. Sai da tsofaffi biyu suka danne ta, ta uku ta sa wa yarinyar nono a baki. Ɗaki ya ɗauki yabo, ana cewa ga ɗiyar mutunci, ga wadda aka haifa da ido. Ni ma na yaba, don wadda ba ta yaba ba a ranar ba ta ga naman suna. Aka raɗa wa yarinya Hindatu. Kowa ya ji sunan ya maimaita, ban da wadda ta yi naƙudar.

Haka al'ada ta ce, kuma Sahura ba ta rage mata ko ƙwaya ba. Ɗan fari ba naka ba ne, na kakanni ne. Ba ka faɗin sunansa, ba ka yabonsa, ba ka shiga maganarsa gaban mutane. Ana yaye Hindatu, Hannatu ta goya ta ta kai ɗakinta. Yarinya ta tashi tana ce wa kakarta Inna, tana ce wa uwarta Yaya. Ita kuwa Sahura in dole ta kama ta ambace ta, sai ta ce "ɗiyar tsohuwa". Sauran ƴaƴan da suka biyo baya wuni take tana ƙwala musu kira har kaji su gane sunayensu. Na sha tare ta a bakin darni in ce ta faɗi sunan sau ɗaya in ba ta goro fari. Sai ta ja gyale ta rufe baki ta ce, "Haba Inna Mas'uda, ke dai ba ki tsufa."

Shekaru suka tura. Gona ta gaji, Alhassan ya bi ayarin masu neman zinariya can arewa. Da fari yana kira ta salular maƙwabta, daga baya kiran ya koma kamar ruwan ƙarshen damina, a ga hadari ba a ga ɗigo ba. Bai mutu ba, bai kuma dawo ba, wato ya zaɓi mafi sauƙi a cikin biyun. Sannan Hannatu ta kwanta ciwon da ba ta tashi ba. Hindatu ta tattara ƴan tsummokinta da littattafan lakkol, wato makarantar boko, ta tsallaka tsakar gida ta koma ɗakin uwarta, tana da kamar shekara goma sha biyu.

In kun taɓa ganin baƙi biyu masu kawaici an sauke su ɗaki ɗaya, to kun ga zaman Sahura da ɗiyarta. Ba faɗa, ba hira. Amma ni da ke leƙe ta ɓular darni, aikin da Allah Ya hore mini, na ga abin da gari bai gani ba. Da yarinyar ta shiga kwalejin Kiyeshe, tafiyar ƙafa safe da yamma, Sahura ta karɓe daka ta karɓe ɗiban ruwa, ta bi gari tana cewa dakan ɗiyar tsohuwa tsaki ne, ba ta iya sa shi a bakinta. In ta tsame ƙuli, wanda ya fi kyau shi ne kullum ke "faɗuwa ƙasa", sai a ture shi gefe a ce ba ya sayuwa, da safe kuma ya ɓace cikin jakar lakkol. Ranar da wani dattijo ya ce ɗiya mace ta girmi zaman aji, Sahura ba ta ce uffan ba, don ba huruminta ba ne. Sai dai daga ranar matarsa ba ta ƙara samun man gyaɗa a gidan ba, kullum yanzun nan ya ƙare.

Ana haka sai ga wata ƙungiya daga Yamai, irin waɗannan masu farar mota da tuta a ƙofa. Suka ce sun shirya gasar rubutu don ƴan lakkol na karkara. Kowa ya rubuta labarin wata sana'a ta garinsu da faransanci, wanda ya fi a kowane kwaleji za a kai shi Yamai lokacin bakansi, wato babban hutu, ya ga kogi, ya ga gidan tarihi, ya shiga jami'a ya zauna kan kujerar manya, a nuna masa yadda ake buga jarida. Ku dubi hikima. Bakansin nan tsakiyar damina yake faɗowa, lokacin da ko kare aka ba hauya ba a ce ya yi kaɗan ba. Wanda ya tsara abin, in ya taɓa ganin gero to a cikin kwano ne.

Hindatu ta rubuta yadda ake fitar da mai daga gyaɗa. Ta karanta mini ta fassara, ina tsinkar zogale. Tun daga suya, da murza, da bakace, har zuwa inda ake zuba ruwan zafi kaɗan-kaɗan a tunkuza ana juyawa a turmi, da yadda mai matsa ke gane mai ya kusa tsatsowa daga nauyin muciya a hannunta, ba daga gani ba. Na ce mata wannan ai kowace jaka ta sani. Ta ce, "Jakunan Yamai ba su sani ba, Kaka." Na ce to lalle ke jikar Hannatu ce, baki ya iso.

Kuma haka aka yi. Mutanen da ke cin man nan kullum suka karanta suka riƙe baki. Hindatu ta zo ta ɗaya a kwalejinsu, aka faɗi sunanta a rediyo. Mata suka cika gidan Sahura da guɗa. Tana durƙushe gaban kasko, ba ta ɗago ba, ta ce Allah shi ba masu ita albarka. Aka yaba, aka ce kunya dai sai ƴan Dumega. Amma a ranar, karon farko tun da na san ta, kasko guda na gyaɗa ya ƙone ƙurmus a gabanta tana riƙe da mara. Da kasuwa ta ci ta dawo da jaka sabuwa mai zip da takalmi, ta miƙo mini ta kan darni ta ce wai tsintuwa ta yi, in duba ko akwai wanda za su yi wa daidai a unguwa. Na ce ikon Allah, tsintuwa har da lambar ƙafa.

Yarinyar kuwa ta daina taka ƙasa. Kullum tana wurina da tambaya: da gaske kogin ya fi tafkin bayan gari sau goma? Da gaske akwai gada da mota ke bi a kan ruwa? Na ce mata ruwa ne dai kamar kowane ruwa, sai dai shi ba ya ƙafewa, kamar surutunki. Ba ta taɓa wuce garin Dutsi ba. Dutsin ma rabonta da shi tun wani ciwon ido.

Saura abu ɗaya, yardar iyaye. Ba wanda ya gaya mana ranar da za a zo nemanta. Ni na tafi Tibiri gaisuwar mutuwa. Maza da mata duk suna gona ana maimai, gari ba kowa sai awaki da marasa lafiya. Ƙanen Alhassan, wanda shi ya kamata a tambaya, yana gonarsa mai nisa. Sai ga farar mota a ƙofar Sahura, da wata Madam Shamsiyya daga ƙungiyar, da Mushe Abdulrazak, malamin kwalejin, yana yi mata jagora, sun ɗauko Hindatu daga hanya. Abin da ya faru na ji shi daga bakin Hindatu, na ji daga bakin Sahura, na kuma ji daga wata mai jego da ke kwance a gidan da ke kallonsu, kuma bakin ukun ya zo ɗaya.

Madam Shamsiyya yarinya ce mai fara'a, ba zan ci amanarta ba. Hausarta irin ta waɗanda aka haifa a bene ce, tana yi tana tuntuɓe tana dafa faransanci. Ta ce tun da uban ba ya nan, kuma mama ba ta rubutu, abin mai sauƙi ne, za a ɗauke ta a salula, masu ba da kuɗin tafiyar ma sun fi son haka. Ta saita salula a fuskar Sahura ta ce, "Bon, mama, ki ce: ni ce uwar Hindatu, ina alfahari da ita, na yarda ta tafi. Shi ke nan."

Shi ke nan, in ji ta. Da cewa ta yi Sahura ta tuɓe zane ta zagaya kasuwa, da ya fi sauƙi. Suna, da yabo, da cewa tawa ce, duka uku a numfashi ɗaya, gaban baƙi, gaban namiji, gaban ita kanta yarinyar. Sahura ta ja gyale ta rufe fuska ta juya baya. Madam ta sake faɗa a hankali, kamar mai lallashin yaro ya sha magani. Sahura ta ce da bango, "Ni ba ni da ta hwaɗi. Ɗiyar mutane ta. Ku jira masu ita." Madam ta dubi Hindatu ta tambaye ta ko wannan ba ita ce ta haife ta ba. Yarinya ta sunkuyar da kai, hawaye na zuba, ta ce, "Yaya, don Allah." Sahura ta shige ɗaki ta saki labule.

Duk wanda ya sha nonon Bahaushiya ya san abin da ya gani a tsakar gidan nan. Ya san ba ƙi ba ne. Ya san sai a aika gona a kira baffa, ko a jira tsohuwar maƙwabciya ta dawo, magana ta ƙare. Madam ba ta sani ba, ko ta sani ta manta a makarantun da ta yi. An riga an cika mata kunne a tarurruka cewa uwayen karkara su ne ke danne ƴaƴa mata, ga shi yau ta ga ɗaya da idonta. Ta juya ga Mushe Abdulrazak ta tambaye shi me wannan ke nufi.

Shi fa Mushe Abdulrazak ɗan fari ne. Na san uwarsa a Dutsi, har yau "wancan" take ce masa, da gemunsa da babur ɗinsa. Kalma biyu za ta fito daga bakinsa a wuce wurin. Ya ɗaga kafaɗa ya ce da faransanci, mutanen ƙauye sai haƙuri. Hindatu ta ji, ai faransancin shi ya koya mata.

Me ya sa? Wanda ya zo na biyu a gasar wani Luƙman ne, ɗan wani babban mai shago a Dutsi, kuma shi kujerar ta faɗa wa. An kore shi daga makarantun birni, uban ya kawo shi kwalejin karkara ya ɓoye, ga shi ya zama ɗan karkara da rana tsaka. Mushe kuma a gidan uban yake haya. Ban ce an ba shi komi ba, ban gani ba. Na dai ce kare ba ya haushin mai ba shi ƙashi.

Na dawo daga Tibiri na tarar da gida biyu kamar an yi mutuwa. Hindatu ta daina cin abincin gidan, a wurina take ci. Abin da ta ce wa uwarta bayan tafiyar motar guda ɗaya ne, kuma mai jegon nan ta ji shi: "Ke kin tsira da kunyarki." Tun daga nan ba ta ƙara ba. Na ja ƙafata har Kiyeshe na sami Mushe, na wanke shi tas ba sabulu. Ya ce sunaye sun riga sun tafi Yamai, bakin alƙalami ya bushe. Baffan yarinyar ya ce shi ba ya barin maimai ya bi mata zuwa ofis, in rabonta ne za ta je. Rabo dai, abin da malalaci ke aike ya ɗebo masa ruwa.

Sahura ba ta yi kuka a gabana ba. Ta ci gaba da suya da matsa, sai dai ƙulin ya fara fita da gishiri fiye da kima. Ana gobe yaran za su tashi daga tashar Dutsi, ta zo bakin darni da la'asar ta tsaya tana tsinkar kara. Ta ce, "Inna, ki raka ni Dutsi." Na ce ki yi mi? Ta ce, "In hwaɗi abin da sun ka ce." Na ce ba a fafe gora ranar tafiya. Ta ce ta sani.

Washegari mun so Hindatu ta bi mu da jakarta, ko Allah zai sa. Ta ce ba ta zuwa a yi mata dariya sau biyu, ta saɓa hauya ta tafi gona. Jakar kuwa, Sahura ce ta ɗauke ta, ta ɗora a ka, da kayan yarinyar a ciki a ninke. Muka hau amalanke zuwa bakin hanya, muka sami mota. Duk tafiyar leɓunanta na motsi. Na ɗauka tasbihi take yi, ashe gwaji take yi, ba sauti.

Tasha ta cika. Ga kar, babbar motar fasinja, an manna mata ƙyalle mai rubutu, ga yara daga kewayen Dutsi da Tibiri da ƙauyuka an sa musu riguna iri ɗaya, ga iyaye, ga masu shago, ga ƴan kabu-kabu, ga wani da lasifika yana gode wa mutanen da ba su zo ba. Luƙman na zaune jikin taga yana danna salula, ko kallon waje bai yi. Na hango matan garinmu biyu da suka kawo kaji kasuwa. Sahura ma ta gan su. Na ce a raina yanzu za ta juya. Ba ta juya ba. Ta ratsa mutane har gaban Madam Shamsiyya, ta sauke jaka, ta janye gyale daga fuska da hannunta.

Muryar ta fito kamar ta wadda ta daɗe tana jinya. Ta ce, "Hindatu ɗiyata ta. Ni na haihe ta. Ta hi su duka, kun gani da idonku. Na yarda ta tahi. Ga kayanta."

Ɗaya daga cikin matan garinmu ta kama haɓa. Wani saurayi mai ɗangalallen wando da ke sayar da turare ya ce ai dama wannan kunyar ba ta da asali a addini, da an bi sunna da ba a kai nan ba. Na ce masa ya je ya faɗa wa uwarsa, in ta amsa ya dawo ya ba ni labari.

Idon Madam ya ciko da ƙwalla. Ta rungume Sahura, wadda ta sandare kamar turmi. Sai ta zaro salula ta ce don Allah mama ta ƙara faɗa, ba ta ɗauka ba. Sahura ta dube ni. Ta ɗauka wannan ne sharaɗin, ai haka aka ce mata tun farko. Ta sake faɗa, kalma bayan kalma, da sunan da komi, ido cikin idon salula. Da ta gama, Madam ta share hawaye ta yi bayani mai tsawo, rabi Hausa rabi faransanci: kujeru a ƙidaye suke, an riga an yi wa kowane yaro takardunsa, ba ta da ikon sauya ko ɗaya, amma baɗi in Allah Ya so. Mushe Abdulrazak ya sami abin dubawa a tayar mota. Aka busa, kar ta tashi, yara na ɗaga hannu. Sahura ta tsaya har ƙurar ta kwanta, sannan ta durƙusa ta ɗauki jakar ta mai da ka.

Kafin mu isa gida labari ya riga mu, masu kaji sun fi mu sauri. Ba a daɗe ba kuma hoton ya iso, mai motsi da murya, yana yawo daga salula zuwa salula. Ƙungiyar ta sa masa kiɗa mai taushi da rubutu a ƙasa. Hindatu ce ta fassara mini rubutun, fuskarta kamar dutse: wai ga uwar da ta ƙi, amma wayar da kan da suka yi ya sa ta gane. A nan ta fara jin sunanta a bakin uwarta, a salular wata ƙawarta, a bakin rijiya, ƴanmata na kewaye suna ƙyalƙyata dariya suna cewa a maido baya.

Matan da suka shekara goma sha wani abu suna yabon kunyar Sahura, su ne suka fi kowa jin daɗi. Dama yabon nan da ƙaiƙayi suke yin sa. Aka ce ashe ta ciki na ciki. Aka ce ta sayar da ido don kujerar mota, motar ma ba ta samu ba. Yara suka mai da maganarta waƙar gaɗa. Daga Dumega wata gwaggonta ta aiko a gaya mata ta kunyata kabarin uwarta. Sahura ta daina zuwa suna da biki, ƙuli ma sai ta ba da a kai mata kasuwa.

Baɗin da aka ce kuwa, ashe gasar ta ƴan aji ɗaya ce, kafin nan Hindatu ta wuce shi. Luƙman kuwa da ya dawo aka tambaye shi abin da ya gani, ya ce abincin ba daɗi, kuma Yamai ai yana zuwa duk sallah gidan yayarsa.

Bayan an yi girbi an ɗaure dammuna, sai ga Mushe Abdulrazak a kan babur, ya sha shadda, yana washe baki tun daga nesa. Ya yi sallama a ƙofar Sahura ya ce albishir. Na tsallako darni ba a kira ni ba, gwiwar da ke hana ni salla a tsaye ta warke nan take. Ya ce ƙungiya za ta yi babban taro a Yamai kan karatun ƴaƴa mata, manya za su zo har daga ƙasashen waje, kuma hoton Sahura ya taɓa zukata ƙwarai. Suna gayyatarta. Za a zo da mota a ɗauke ta, a sauke ta a otel, a ɗinka mata kaya, a kai ta ta ga kogi. Abin da ake so kawai ta hau dandamali ta maimaita maganar nan gaban jama'a.

Sahura na durƙushe tana mulmula tunkuza. Hindatu na cikin ɗaki, labule ya motsa ya tsaya. Sahura ta ce, ba tare da ta ɗago ba, in kujera ce ta samu, a ba mai rubutun. Mushe ya yi ƴar dariya ya ce a'a, ba a gane ba, taron na uwaye ne, ita suke so, yarinyar ba ta cikin tsari.

Na buɗe baki, don na tanadi abin da zan gaya masa tun damina. Sahura ta ɗaga mini hannu, da mai yana naso a tafinta. Ta miƙe tsaye ta dube shi, abin da ban taɓa ganin ta yi wa namiji ba.

Ta ce, "Mushe, ranar da na yi shiru, kai ka san abin da shiruna ka nuhi, ba ka hwaɗa musu ba. Yau ga shi da baki, kada ka wahala wurin fassara. Ba ni zuwa."

Ya tsaya yana juya makullin babur, ya ce ta yi tunani, irin wannan dama ba ta zuwa sau biyu. Na ce masa mun sani, mun ga yadda ta farko ta zo. Ya buga babur ya ƙi tashi, ya buga ya ƙi, sai da ya tura shi har bakin hanya cikin rairayi, shaddar na jan ƙasa.

An ce sun yi taronsu. Da suka rasa Sahura sai suka haska hoton a jikin bango, ƙato, aka yi ta tafa hannu.